Neman shawara: in ci gaba da shafa mai a fatar kai ko in bari?

Maman Ilham, Yantala, Yamai

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ya sanyi, ya ƙura? Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gashi.

Tun bara na bar sa defirizan, man nan mai miƙar da gashi, na yanke ƙarshen da ya mutu, yanzu gashina na Allah nake riƙo. Abin da na tashi na gani a gidanmu shi ne in an gama kitso a lakato basilin ko man kaɗanya a bi tsaga ɗaya bayan ɗaya, sai fatar ta yi ƙyalli. Haka innarmu ta yi mana, haka nake yi wa ɗiyata. To tun shigowar hunturun nan kaina ke ƙaiƙayi ba dare ba rana. In na sosa sai farce ya cika da wani abu mai danƙo, fari-fari da ɗan rawaya. In na ƙara mai ya lafa, washegari ya dawo ya fi na jiya. Ga wasu ƙananan ƙuraje sun feso mini a goshi daidai bakin gashi.

Ƙanwar maigidana da ke karatu a jami'a ta ce mai ba na fatar kai ba ne sam, in daina. Makitsiyata kuma ta ce in na daina cikin wannan iska fatar za ta tsage, gashin ya kakkarye. Na rasa ta wa zan kama. In sawa za a yi, wanne ya fi, mai ruwa irin zaitun da kwakwa, ko mai kauri irin basilin? Sannan ɗiyata 'yar shekara 6 tana da wani wuri a ƙeya, zagayayye, gashin wurin ya kakkarye ya yi furfura-furfura. Shi ma ina ta shafa masa kaɗanya amma sai faɗi yake. Don Allah a taimaka.

Hajiya Inna, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba ku lafiya ke da yarinyar. Ni dai ba zan ce mai laifi ba ne, don da man shanu da man kaɗanya aka raine mu, kuma nan Adar iskarmu ta fi ta Yamai bushewa nesa ba kusa ba. Amma ku yaran yanzu rabin abin kuka ɗauka. A zamaninmu ba a sa mai a kan datti. Ranar tsifa sai a jiƙa karkashi ya yi yauƙi, a wanke kai da shi tas, a zauna a inuwa ya sha iska, sannan a kawo man shanu. Shi ma a tafin hannu ake murza shi a bi gashin, don ya yi laushi makitsiya ta ji daɗin kama shi. Abin da ya taɓa fata ɗan abin da ya rage a yatsa ne. Ku kuma sai kitso ya yi wata da watanni a kai, kullum ana ƙara mai a kan na jiya. Ki fara wanke kan tukuna ki gani.

Rabi, mai aiki a farmasi, Bukoki

Maman Ilham, bari in fara da yarinyar don ita ce ta gaggawa. Abin da kika siffanta, wuri zagayayye, gashi ya kakkarye a gindi, ga furfura kuma yana faɗi, ya yi kama da makero. Kaɗanya ba ta kashe shi, maganin shafawa ma shi kaɗai ba ya isa, domin cutar tana cikin ramin gashi ne. Na sha ake bayarwa, yawanci griseofulvin, mako 6 zuwa 8, kuma gwargwadon nauyin yaro ake auna shi, saboda haka likita ne zai rubuta. Ki kai ta wajen likitan fata cikin makon nan. Kafin nan a ware mata matajinta, kallabinta da matashinta, a duba kan sauran yaran gidan, don yana yaɗuwa, a lakwal ma haka. In aka yi sakaci ya kumbura ya yi ruwa yana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba.

Yanzu naki. Fatar kai tana yin maiƙonta da kanta. A gindin kowane silin gashi akwai 'yar jakar da ke fitar da shi, kuma kai na cikin wuraren da suka fi ko'ina maiƙo a jiki. Matsalar gashinmu ita ce a nannaɗe yake, maiƙon ba ya iya gangarawa daga gindi zuwa ƙarshe. Sai ka ga gashi ya bushe ƙamas alhali fatar da ke ƙarƙashinsa ba ta rasa komai ba. Mu kuma da mun ji gashi ya bushe sai mu kai man wurin da ba a neme shi ba.

Farin abin da ke zuba daga kai iri biyu ne, kuma a nan ake ruɗewa. Akwai na bushewar fata: ƙanana ne, busassu, suna kaɗewa da kansu, kuma za ki ga ƙafafunki da hannuwanki ma sun yi fari saboda hunturu. Wannan ɗan mai kaɗan yana yi masa amfani. Akwai kuma amosani: manya-manya ne, masu danƙo, da rawaya-rawaya, da ƙaiƙayi mai tsanani, wani lokaci har gefen hanci, gira da bayan kunne su kama. Shi wannan yana da alaƙa da wata ƙwayar halitta dangin yis da ake kira Malassezia. Tana kan fatar kowa, ba alamar ƙazanta ba ce, amma abincinta maiƙo ne. Man zaitun da ire-irensa na tsirrai ci take yi. Shi ya sa kike jin sauƙi ranar da kika shafa, don man ya manne ɓawon ya kwanta, bayan kwana biyu abin ya taso da ƙarfinsa.

Yadda kika faɗa, naki ya fi kama da amosani. Abin da aka saba bayarwa shi ne shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100, sau biyu a mako, tsawon mako 2 zuwa 4. A fata ake murza shi ba a gashi ba, a bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye. Yana busar da gashi, don haka bayan wanki ki bi gashin da abin laushi. Tunda za ki kai yarinya, ki sa likitan ya duba naki gaba ɗaya, don akwai wasu cututtukan fata da ke shigar burtu da amosani. Ƙurajen goshin kuwa, man kitso ne ke narkewa ya sauko ya toshe ƙofofin fata.

Maman Abdul, Talaje

Ni fa ban yarda a ce kowa ya daina ba. Tun ina budurwa basilin nake sawa a tsaga, ban san amosani ba, gashina kuma yana nan har kafaɗa. Kowa da irin kansa.

Rabi, mai aiki a farmasi, Bukoki

Yaya Maman Abdul, maganarki na kan hanya, kuma akwai dalili. Basilin daga man fetur ake tace shi, ita ƙwayar ba ta iya cin sa, saɓanin zaitun da mutane ke ganin ya fi tsabta. Aikinsa shi ne ya rufe fata ya hana ruwan jikinta fita, ba ya ƙara mata ruwa, ba ya kuma shiga ciki. Illarsa kauri: yana kama ƙura da gumi, ruwa kaɗai ba ya fitar da shi. Mai lafiyayyen kai da ke wanki a kai a kai kamar ke za ta iya sa ɗan kaɗan ta zauna lafiya. Wadda kanta ke ƙaiƙayi yana fitar da ɓawo kuwa, rufe shi da basilin ɓoye matsalar ne, kuma yana hana magani isa fata. Tsawon gashinki ma ba basilin ɗin tsaga ya ba ki ba. Gashi yana tsirowa wajen santimita 1 a wata ko an shafa ko ba a shafa ba. Wadda nata ya yi tsawo, ƙarshensa ne ba ya karyewa.

Zali mai kitso, Wadata

Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan, kawunan mata a kan cinyata suke wuni, bari in faɗi abin da nake gani.

In mace ta zo tsifa, tun daga kitson farko nake sanin mai yawan shafa mai a tsaga. A gindin kowane kitso za ka tarar da wani farin dunƙule ya naɗe gashin, mai ne da ƙura da matacciyar fata suka haɗu suka daskare. Sai na sa tsinken mataji na ɓanɓare shi a hankali, in aka ja da ƙarfi gashin wurin ke biyo shi. Ƙurar Yamai kun san ta, ja ce, daga Disamba zuwa Fabrairu ko a ɗaki kake sai ta same ka. Kai mai maiƙo tamkar faranti ne da aka ci miya aka bar shi a tsakar gida, duk abin da iska ta kwaso nan zai zauna. Sannan da bazara ta shigo, zafi ya haura 40, gumi ya haɗu da shi a ƙarƙashin kallabi da hijabi, warin ma daban ne.

Ba na ƙaryata 'yar uwata makitsiyarki, gashi na karyewa da hunturu, gaskiya ta faɗa. Amma gashin ne ke jin ƙishi. Ga yadda nake yi wa masu zuwa wurina. Bayan wanki, tun gashin da sauran danshi, na raba shi gida huɗu ko shida. Na ɗebi kaɗanya kaɗan na murza a tafi har ta narke, na bi daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe, na fi ba ƙarshen ƙarfi don shi ne tsoho. Ruwan ne ke sa laushi, man riƙe shi yake yi kada ya gudu. In aka sa mai a busasshen gashi ƙyalli kawai za a samu, yana nan da taurinsa. Wadda fatarta ke ɗaurewa bayan wanki, babu ɓawo babu ƙaiƙayi, ita nake ɗiga wa ɗan mai ruwa a kan yatsa in taɓa tsagar sama-sama, shi ke nan har wani wankin.

Wani abu kuma, da yawa masu kukan ƙaiƙayi ranar kitso ba bushewa ba ce, tsaurin kitso ne. In kin ga ƙananan ƙuraje sun jeru a bakin tsaga, ko kin kasa ɗaga gira, ko sujada ta gagare ki, kitson ya yi tsauri. Mai ba ya gyara wannan, sai sassautawa. Tsaurin nan ke cinye wa mata gaban goshi, kuma in ya daɗe ba ya dawowa. Ki faɗa wa makitsiya tun tana kan yi, kada kunya ta hana ki.

Fati, Harobanda

Ƙari a kan maganar Tanti Zali. Ko matan Cadi masu shebe, garin nan da ake kwaɓawa da mai, waɗanda ake ta yabon tsawon gashinsu, a jikin gashi suke shafa haɗin, suna kauce wa fata. Sannan don Allah kada a ɗaura kallabi a kan jiƙaƙƙen kai. Mu da muke wankan tsarki da asuba mu fita aiki, kan na wuni a jiƙe a rufe, ƙaiƙayi kuwa sai abin da ya ƙaru. A tsane shi da tawul sosai, a ba shi ko ɗan lokaci ne ya sha iska.

Hajiya Inna, Tawa

Ku kuma yi hattara da haɗe-haɗen nan da ake zubawa a roba babu suna babu takarda, a ce yana tsiro da gashi cikin mako guda. Ba ki san abin da aka zuba ciki ba. Kaɗanyarki ki saye ta tsantsa wajen wadda kika yarda da ita, ki shinshina, in ta yi tsami ki bar ta.

Maman Ilham, Yantala, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Hajiya, Allah ya ƙara girma. Malama Rabi, kin tayar mini da hankali a kan yarinyar amma gara haka, gobe in sha Allahu za mu je, na riga na ware mata matajinta. Na duba bayan kunnena yanzu, akwai ɓawon a can ma. Saura tambaya ɗaya: ƙananan kalaba ne a kaina, ba su daɗe ba. Dole sai na tsife kafin in fara shamfun, ko zan iya wankewa a haka?

Zali mai kitso, Wadata

Ana wanke kai da kitso, amma ga mai magani sau biyu a mako ƙananan kalaba ba za su yi ba. Suna daɗewa ba su bushe ba, kumfa na maƙalewa a gindinsu, kuma tsohon man da ya daskare ba zai fita ba sai an tsife. Ki daure ki tsife. Ki jiƙa karkashi ki shafa kafin ki sa mataji, zai warware miki ba tare da asarar gashi ba. Bayan wankin farko a yi miki manya guda shida ko takwas zane-baya, sakwa-sakwa, yadda yatsa zai shiga ko'ina ya murza fata, ya kuma bushe da wuri. Su za ki riƙa sabuntawa duk mako har ki gama maganin. Ranar zuwa likita kada ki shafa komai a kan, naki da na yarinyar, ya ga fatar yadda take.

Rabi, mai aiki a farmasi, Bukoki

Haka ne. In kina da juna biyu ko kina shayarwa ki faɗa masa kafin ya rubuta. Maganin yarinyar kuma a ba ta shi bayan ta ci abinci mai ɗan maiƙo ko ta sha madara, ya fi shiga jiki, kuma ko kin ga gashi ya fara fitowa kada a tsaya sai kwanakin sun cika. Allah ya ba da lafiya.