Goya-kayanka: sunan da nake nema wa wata irin tafiya

Jama'a, ina neman taimakonku a kan wata kalma, wadda wasunku suka riga suka ba ni shawarwari a kanta. Tun da na dawo daga Singafo nake ƙoƙarin rubuta labarin tafiyar da Hausa, kuma kullum a wuri ɗaya nake cijewa. Turawa suna kiran irin matafiyin da na zama a can backpacker. Na ga masu rubuta "bakfaka", amma wanda bai ji Turanci ba ba abin da zai tsinta a ciki. Ina da shawara, sai dai bari in fara nuna muku mutumin, kada mu raɗa suna ba mu ga jariri ba.

Singafo gari ne mai tsada ƙwarai. A 2023 sashen bincike na kamfanin mujallar Economist ya sa shi a kan gaba cikin biranen da suka fi tsadar rayuwa a duniya, kafaɗa da kafaɗa da Zurich na ƙasar Switzerland. Duk da haka, in ka sauka a filin jirgin sama na Changi za ka ga samari da 'yan mata, har da masu furfura, kowa da jaka ɗaya goye a baya, sun wuce layin tasi ko waiwaye babu, sun nufi jirgin ƙasa na MRT. Tasi zuwa tsakiyar gari ya haura dala 20 ta Singafo, jirgin kuwa bai kai dala 3 ba.

A masaukin da na sauka a unguwar Little India gado ake haya, ba ɗaki ba. Mu takwas ne a ɗakinmu, kowa da labulensa da akwatin da zai kulle da kwaɗon da ya zo da shi. Kai za ka wanke rigarka ka shanya, kai za ka cika gorarka, don ruwan famfon garin ana shan sa. Abinci kuwa sai a rumfunan da gwamnati ta gina wa masu sayar da abinci, irin su Tekka da Maxwell, waɗanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa al'adarsu cikin jerin gadon al'adun duniya a 2020. Da ƙasa da dala 10 za ka ƙoshi, ga rumfunan halal da takardar shaidarsu a manne. Mutanen garin kan ajiye ƙunshin tishu a kan tebur don kama wuri, in ka gani sai ka nemi wani. In ka gama kai za ka kwashe farantinka ka mayar, tun 2021 doka ce. Sauran yini ƙafarka ce motarka: lambun tsirrai na Botanic Gardens da aka kafa a 1859 kyauta ake shiga, Masallacin Sultan a Kampong Glam yana nan in lokacin salla ya yi, da dare kuma wasan fitilu na manyan bishiyoyin ƙarfe a Gardens by the Bay ba a biyan ko sisi.

Wata safiya a kicin ɗin masaukin na tarar da wata dattijuwa 'yar Jamus, malamar makaranta da ta yi ritaya, ta zazzage jakarta a kan tebur. Riguna uku, wando biyu, tawul ɗan mitsitsi, cokali, maganin hawan jini. Tana naɗe kowace riga kamar tabarma tana cusawa, sannan ta rataye jakar a ɗan ma'aunin hannu, don jirgin araha da za ta hau bai yarda a shiga da fiye da kilo 7 ba. Ta ciro littafin da ta gama karantawa, ta ɗora a kan kantar da baƙi ke barin littattafai, ta sake aunawa. Matar nan tana da kuɗin otal. Ta zaɓi ta yi wata uku tana yawo da abin da wani zai ƙarar a mako biyu. Ita nake nema wa suna.

Na ga sunayen da kuka ba da shawara, na gode, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wani malami, Allah ya ƙara masa sani, ya kawo "ɗan yawon buɗe ido"; daidai ne, amma rigar ta yi wa matafiyin nan yawa. Wanda ya kwana a katafaren otal ɗin Marina Bay Sands, aka ɗaukar masa akwati har ɗaki, shi ma ɗan yawon buɗe ido ne. Kalmar da za ta raba su muke nema. "Matafiyi" ma haka.

"Ɗan ci-rani" kuwa nema ya fita, ya koma gida da abin da ya samu. Wannan kashewa ya fita yi, yana lallaɓa guzurinsa don ya kai shi nesa. "Falke" fatauci ne ya fito da shi. "Yawon duniya" da "gantali" kowa ya san irin kallon da ake yi wa wanda aka jingina wa su, ba zan ɗora wa dattijuwar nan su ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce "yawon buɗe idon talaka", domin mutane da dama sun so ta. Ban yarda da ita ba. Wanda ya iya sayen tikitin jirgi zuwa wata nahiya don ganin gari kawai, a kira shi talaka an zalunci talakan gaske. Kuma kalmar za ta koya wa matasanmu cewa kwana a gadon haya da cin abinci a rumfa abin kunya ne, alhali dabara ce da ke buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofar biranen da yake zaton sun fi ƙarfinsa. "Tafiyar tsimi" ta fi kusa, amma tsimi yana da wata ma'anar da za ta ja hankalin mai karatu wani wajen.

Da farko na karkata ga "ɗan jakar goyo", tunda jakar goyo sananniya ce a bakin kowa. A rubuce ne ta ba ni matsala. "'Yar jakar goyo" za a ɗauka ƙaramar jaka ake nufi, ba mace matafiya ba. Sannan a rubutun boko jakar kaya da jaka matar jaki iri ɗaya suke fitowa, ba na son sunan da zai fara da abin da ya yi kama da zagi.

Shawarata ita ce "goya-kayanka". Mutumin ɗan goya-kayanka, macen 'yar goya-kayanka, jam'i 'yan goya-kayanka, tafiyar kuma yawon goya-kayanka. Hausa ta saba gina suna da umarni ko da guntun zance: ci-rani, faɗi-tashi, bar-ni-da-mugu, a-kori-kura. Kunnen Bahaushe ba zai ji ta baƙuwa ba.

Abin da ya sa na fi son ta shi ne "kayanka" ɗin. Duk arahar wannan tafiya daga wuri ɗaya take fitowa: abin da wasu ke biya a yi musu, kai kake yi da kanka. Babu ɗan dako, babu direba, babu mai wanki, babu ɗan jagora mai ɗaga tuta a gaba. Kuma tunda bayanka ne zai ɗauka, dole ka rage. Kalmar ta kama jakar, ta kama halin, ba ta ce mutumin matalauci ne ba. Tana kuma iya ɗaukar masu ratsa daji da duwatsu da tanti a baya, waɗanda Turawa ke kira da wannan sunan dai.

Ƙanwata ta tambaya ko mace sai a ce "goya-kayanki". A'a. Harɗaɗɗen suna in ya daskare ba ya sauyawa. Mata ma suna ka-ce-na-ce, ba mu taɓa jin ki-ce-na-ce ba. "'Yar" da ke gaba ta wadatar.

Masu cewa ta yi tsawo, gaɓa biyar ce. A-daidaita-sahu shida ce, kuma baki ya gutsure ta da kansa da ta shiga jama'a. In wannan ma ta karɓu, masu magana za su san inda za su yanke.

Na gwada ta a jimla don in ji ko tana tafiya: "'Yan goya-kayanka sun cika jirgin farko daga Changi." "Ba otal zan sauka ba, yawon goya-kayanka zan yi." Ku faɗe su da ƙarfi ku ji. A kunnena dai sun zauna.

Saura masaukin nan da ake hayar gado, wanda Turawa ke kira hostel. "Hostel" a wurinmu ɗakin kwanan ɗalibai ne, ba zai yi ba. Zuciyata tana kan "zango", inda ayari kan sauke kaya ya kwana, gari na wayewa ya ɗaura ya wuce. A babi na biyu na labarin na riga na rubuta "zangon 'yan goya-kayanka" da fensir. Wanda yake da wadda ta fi ta, ya kawo kafin in bi da biro.