Wa ya taɓa bin diddigin kuɗin titin garinsu?

Mai Shago a Bakin Tasha:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Titin da ya haɗa garinmu da babbar hanya ya fito a kasafin kuɗi, an kafa allo, an kawo gireda ta kankare, shi ke nan. Har yau jan ƙasa muke sha. Ƙungiyar matasanmu na so ta bi sawun kuɗin. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mana abin da ya tarar.

Tsohon Odita:
Wa alaikumus salam. Aikin da na yi ke nan a jiha har na yi ritaya. Takarda ba ta taɓa ba mu wahala ba: baucar biya cif, takardar shaidar kammala aiki da sa hannun injiniya. Matsalar tana wajen zuwa ganin aiki. Ofishinmu ba mota, ba kuɗin mai, sai ma'aikatar da za mu bincika ta ɗauke mu, ta ciyar da mu, injiniyanta ya nuna mana inda ya ga dama. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Kwalta mai kyau a ido muka gani, ba mu da abin auna kaurinta. Damina ɗaya ta ɓare.

A tarayya ma, sashe na 85 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ba Babban Mai Binciken Kuɗi damar yin cikakken binciken asusun hukumomi irin na jiragen ƙasa da tashoshin jiragen ruwa da kansa ba. Jerin akantoci masu zaman kansu yake bayarwa, hukumar ta zaɓi nata, shi ya yi sharhi a kan rahoton.

Direban Tanka:
Baba, gaskiya ka faɗa. Ni hanyar Abuja zuwa Kano nake bi. An ba da kwangilarta a 2017 kan kusan naira biliyan 155, a 2021 ta koma kusan biliyan 797, wai daga gyara an koma sabon gini. To, ban ƙi ba. Amma mu da muke kwana cikin cunkoso tsakanin Kaduna da Abuja, ba wanda ya taɓa tsayar da mu ya tambayi me muka gani.

Malamar Firamare:
Mu mun gwada a unguwarmu. Muka rubuta wasiƙa ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ce a amsa cikin kwana 7. Shiru. Abin da ya motsa hukuma hotuna ne: allon aikin da sunan ɗan kwangila, magudanar ruwan da aka bari rabi, kowanne da kwanan wata. Ku ɗauka tun yanzu, don allon kan ɓace. Ku kuma duba Tracka, shirin ƙungiyar farar hula ta BudgIT, suna bibiyar irin waɗannan ayyuka.

Mai Shago a Bakin Tasha:
Allah ya saka da alheri. Malama, ko za ki turo mana kwafin wasiƙar? Baba, aikin na jiha ne, wa ya kamata mu fara rubuta wa?