Bayan hunturun Toronto, a ina ya dace in zauna: Aburi, Kwahu ko Kumasi?

Alhaji Ɗan Nima:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin halin da ƙasar nan tamu Ghana take ciki a yau, domin na daɗe ina zaune a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma yanzu da na ajiye aiki gwiwoyina sun daina jure hunturun can. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara ba ta rabuwa da hanya, a watan Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe biyar na yamma, mai shekaruna kuma ba ya fita sai da fargabar santsi, alhali likita ya gargaɗe ni cewa in ba na tafiya da ƙafa kullum, hawan jinina ba zai lafa ba. Abokai sun ce mu koma Victoria ko Vancouver a yammacin Kanada, inda sanyi yake da dama-dama, amma tsadar gida da yawan ruwan sama na can suka sa ni da uwargida muka ga gara mu dawo gida.

Sai dai tun da muka sauka a Nima na ga Accra ma ba ta ba ni abin da nake nema ba. Da hantsi ya yi sai zafi da zufa, titunan unguwa kuma masu mota da masu babur da masu kasa kaya sun cinye su. Lambun Legon da bakin teku na Labadi suna da daɗin tattaki, amma sai mutum ya sha cunkoso kafin ya kai. Abin da nake so shi ne gari mai sanyin iska, mai itatuwa, inda zan fita da ƙafa daga ƙofar gidana, in sami sallar jam'i, asibiti kuma ya kasance kusa. An ambata mini Aburi, Kwahu, Amedzofe da Kumasi. Wanne kuka ga ya fi dacewa?

Hajiya Mai Goro, Madina:

Wa alaikumus salam, Alhaji, barka da sauka, a gaida uwargida. In iska ce kaɗai ake magana, babu wurin da ke kusa da Accra da ya kai tudun Akuapem. Aburi, wadda take kan tudun, ba ta kai kilomita 40 daga tsakiyar birni ba, tsayinta kuma wajen mita 400 ne daga teku, shi ya sa da zarar mota ta wuce Ayi Mensah ta fara hawa za ka ji iskar ta sauya. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun a 1835 'yan mishan na Basel suka koma Akropong da ke kan tudun bayan zazzaɓi ya kashe musu mutane a bakin teku, a 1890 kuma aka buɗe lambun itatuwa na Aburi, wanda har yau dattijo zai iya zagaya shi a inuwa ba tare da mota ta firgita shi ba. Ranar Asabar da asuba jama'a kan cika hanyar Ayi Mensah zuwa Peduase suna hawa da ƙafa, tsofaffi da yara. Ga kuma asibitin Tetteh Quarshie a Mampong, in abu ya fi ƙarfinsa a gangaro Accra.

Amma akwai abin da masu zuwa yawon rana ɗaya ba sa gani. Da damina danshi yana da yawa a kan tudun, hazo kan kwana har safiya, tufafi da tabarma kan yi fumfuna in ɗaki ba ya samun iska, wannan kuwa abin dubawa ne ga mai ciwon gaɓoɓi. Fili ya yi tsada tun da masu kuɗin Accra suka gano wurin. Abin da ya fi damuna kuma shi ne uwargida. Musulmi ba su da yawa a can kamar yadda muke a Madina ko Nima, kai kana da tattakinka, ita kuwa da wa za ta yini? Taron suna da biki da ta'aziyya duk a Accra ake yin su. Ka tambaye ta sosai kafin ka yanke, domin mace kan ce to don kunya, ranta kuwa bai kwanta ba.

Malam Na Aboabo, Kumasi:

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ni mutumin Kumasi ne, amma ba zan ce maka garinmu yana da sanyi ba. Tsayinsa wajen mita 250 ne kawai, a Fabrairu da Maris muna shan zafi, itatuwan da aka san garin da su a da kuma gine-gine sun ci da yawa daga cikinsu. Abin da muka fi Accra shi ne ruwan sama, domin namu ya kusa ninka nata, daga Yuni zuwa Agusta kuma gari kan yi luf, dare ya yi daɗin barci.

Na lura da wata magana a tambayarka wadda nake ganin ita ce ginshiƙi: ka ce gwiwoyi. Mai ciwon gwiwa ba hawa ne ya fi wahalar da shi ba, gangara ce, domin a nan nauyin jiki yake sauka a kan gaɓar. Saboda haka garin da yake kan tsauni yana iya ba ka iskar da kake so ya kuma hana ka tafiyar da likita ya ce ka yi. Amedzofe a yankin Volta tana da sanyi ƙwarai, ga dutsen Gemi a gefenta, amma kusan duk inda ka nufa hawa ne ko gangara, kuma tana nesa da manyan zangunanmu. Wurin ziyara ce, ban ga ta zama wurin zamanka ba.

Kwahu kuwa na san ta sosai saboda harkar kasuwanci. Abetifi, ɗaya daga cikin garuruwanta, ta haura mita 600, ta fi Aburi sanyi, da hunturu a Disamba da Janairu sai ka nemi bargo da rigar sanyi da asuba, amma wanda ya ga dusar ƙanƙara ba zai kira wannan sanyi ba, ƙurar ma ba ta kai ta Tamale ko Bawku ba. Da zarar an gama hawan da ke tsakanin Nkawkaw da Atibie, akwai garuruwa irin su Mpraeso da Obomeng da ake iya tafiya a tsakaninsu cikin natsuwa. Akwai asibitin gwamnati a Atibie, akwai na Holy Family a Nkawkaw, inda zango yake da jama'a. Garuruwan shiru suke yawancin shekara, sai lokacin Ista da ake cika maƙil, musamman tun 2005 da aka fara bikin tashi sama da lema daga dutsen Odweanoma. Sai dai mai hawan jini ya auna nisan da ke tsakaninsa da babban asibiti, domin daga Nkawkaw zuwa asibitin Komfo Anokye a Kumasi tafiya ce ta sa'o'i biyu ko fiye.

Da ni ne, da na kama gida a gefen Kumasi inda ƙasa take a shimfiɗe, in yi tattakina bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, in yi Juma'a cikin jama'ata, ranar da na so canjin iska kuma in tafi tafkin Bosomtwe, wanda nisansa kimanin kilomita 30 ne, ko dajin Bobiri.

Ɗan Sabon Zango, Accra:

Baba Alhaji, ina gaisuwa. Manya sun yi magana a kan garuruwa, ni zan taɓo takardu ne kawai. Inshorar lafiya ta lardin Ontario, inda Toronto take, tana buƙatar mutum ya kasance a lardin aƙalla kwana 153 a cikin kowane wata 12, don haka in ka tare a Ghana gaba ɗaya za ka rasa ta, sai ka yi rajistar inshorar lafiya ta Ghana ka kuma ware kuɗin magani. Fanshon tsufa na gwamnatin Kanada ana ci gaba da biyansa a waje ga wanda ya zauna a ƙasar shekara 20 bayan ya cika 18. A nan kuma doka ba ta ba wanda ba ɗan ƙasa ba hayar fili fiye da shekara 50, saboda haka ka tabbatar takardunka na Ghana suna nan daram, kada kuma ka biya ko sisi kafin a bincika filin a Hukumar Filaye, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ya zama ruwan dare.

Shawarata ita ce ka fara da haya, ta yadda za ka ga Maris mai zafi da Yuli mai danshi a garin da ka zaɓa kafin ka aza tubali. Masu gida za su nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu, ko da yake doka ta tsaya a wata shida.

Alhaji Ɗan Nima:

Allah ya saka muku da alheri. Maganar gangara ta shige ni, Malam, domin matakalar bene ma saukowa ce ke ba ni wuya. Na karanta wa uwargida abin da Hajiya ta rubuta, ta ce ba ta son wurin da zai hana ta zuwa Nima ta dawo a rana ɗaya, wannan kuwa ya cire Kwahu da Kumasi daga lissafi. Za mu nemi haya a tudun Akuapem tukuna. Hajiya, tsakanin Aburi da Mampong da Akropong, wanne ne ya fi shimfiɗaɗɗiyar hanya a cikin gari, kuma a ina Musulmin wurin suke yin Juma'a?