Miyar Sallah a firiza: dabara ce ko ganganci?

Maman Sadiq: Salamu alaikum. Ana cewa mace ta haɗa miyar Sallah tun saura mako guda, ta daskarar a firiza, ranar Idi sai dai ta ɗumama ta tuƙa tuwo. Ni ina ganin abin zai yiwu ko a nan karkara. Layin injin markaɗe kaɗai a jajibere ya isa ya cinye wa mace rabin dare.

Goggo Hajiya: Wa alaikumus salam. 'Yar nan, wannan shawarar masu wuta dare da rana ce. Sallah a shekarun nan cikin tsananin zafi take faɗowa. A ɗauke wuta kwana biyu, miya ta narke, ta sake ƙanƙara, ki ɗauko ki zuba wa baƙi? Nama a soya shi da gishiri cikin kitsensa har man ya daina kumfa, a tsane, a baza ya huce, a zuba a kwando mai shan iska. Tumatir kuma ga kauɗa. Babu wanda ke jiran wuta a cikinsu.

Yaya Rabi: Goggo, ki yi haƙuri, maganar nama daban, ta markaɗe daban. Lokacin noman rani tumatirin Kadawa da Kura yana araha, da damina ta ƙarato kuwa sai ya yi tashin gwauron zabo. Abin da ya dace da firiza shi ne gindin miya. Tumatir bokitin fenti ɗaya, tattasai rabin bokiti, albasa manya biyar, attaruhu gwargwadon bakin mutanen gida. A dafa markaɗen tukunya buɗe har ya koma kashi ɗaya cikin uku, ruwan ya tsotse, sannan a soya da man gyaɗa har mai ya taso sama. Ɗanyen markaɗe ruwa ne zalla: yana cinye wuri, yana daɗewa bai daskare ba, kuma shi ke fara tsami da an ɗauke wuta.

Inda aka fi yin ɓarna wajen hucewa ne. Babbar tukunya in aka bar ta a murhu ta kwana, tsakiyarta na nan da ɗumi har asuba, ƙwayoyin cuta kuwa tsakanin digiri 5 zuwa 60 suke hayayyafa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, a zafin bazara ma awa ɗaya. A tsoma gindin tukunyar a bahon ruwan sanyi ana juyawa, a ƙulla a leda daidai girki ɗaya-ɗaya, a matse iskar, a shimfiɗe ledar kada kaurinta ya wuce yatsa biyu.

Kawu Sani: Bari in sa baki ta ɓangaren na'urar. Firiza ana so ta kai digiri 18 ƙasa da sifili. In ta cika maƙil, komai ya daskare, ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48 bayan ɗauke wuta. In rabi ce, kusan awa 24. Shi ya sa ake cike gurbin da ya rage da robobin ruwa, amma a bar musu sarari a wuya domin ruwa na kumbura in ya daskare. Ɗan akwatin ƙanƙara na saman ƙaramin firij ba ya cikin wannan lissafi.

Abin da mutane ba sa lura da shi: firiza mai lita 200 ba ta iya daskarar da sabon kaya fiye da kilo 7 zuwa 10 a kwana guda, ko da wuta ba ta yanke ba. A tura mata naman rago biyu da ɗuminsa ranar layya, na tsakiya zai yi kore kafin sanyi ya kai gare shi, ya kuma narkar da miyar da ke gefe.

Goggo Hajiya: To ka ji. Ashe maganata ce.

Kawu Sani: Rabinta, Yaya. Gidan da ke da sola mai batir, ko suke samun wuta awanni masu yawa kowace rana, markaɗen Rabi zai zauna lafiya. Gidan da sai an yi sa'a ake ganin wuta, su bi hanyarki. Ajiya a firizar mai shagon ƙanƙara kuma ban yarda da ita ba, murfin ba ya hutawa.

Maman Sadiq: Kawu, in mutum ya yi tafiya ko ya yi barci, ta yaya zai gane kayan sun narke sun sake daskarewa?

Kawu Sani: Ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora ƙwandala ko ɗan dutse a kan ƙanƙarar, ki bar shi ciki. In kin tarar da shi a gindin kofin, komai ya narke a bayanki. Ledar da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinta ana iya mayar da ita. Wadda ta saki gaba ɗaya ta yi ɗumi, a zubar. Kada a dogara da sunsunawa, abincin da zai kwantar da gida ba lallai ya yi wari ba.

Ladidi: Ni inda ban yarda da Maman Sadiq ba shi ne cewa a haɗa miya gaba ɗaya. Taushe dai ba ta son haka. Kabewa a dafa, a dama, a daskarar, babu laifi. Gyaɗa a soya a daka a ajiye ta busasshiya. Amma alayyahu da yakuwa sai ranar, in ba haka ba launinsu ya mutu, su narke cikin miya. Dankalin turawa yana zama kamar soso. Latas da kokwamba ba a ma maganarsu. Tuwon shinkafa in ya daskare ya narke sai ya riƙa marmashewa yana fitar da ruwa, malmala ba ta tsayawa.

Yaya Rabi: Shinkafa ma tana da wani haɗarin. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta daɗe da ɗumi sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Tuwo da dafa-duka a bar su sai safiyar Sallah. Waina kam ana iya soyawa tun da wuri, a daskarar, a turara a madambaci minti goma. Alkubus ma haka.

Ladidi: Alkubus na yarda, Yaya, tun asali turara shi ake yi. Waina kuwa a'a. Daɗinta gefen nan ne mai ƙaras-ƙaras da ke fitowa daga tanda, tururi yana kashe shi. Ƙullun ma in ya tashi aka daskarar, iskar ta fice, yis ya yi rauni, wainar ta fito a cushe. A jiƙa shinkafa a kai niƙa a jajibere da rana kafin layi ya yi tsawo, ƙullu ya kwana ya tashi.

Goggo Hajiya: Cincin, dubulan, alkaki da nakiya fa? Su ne ake yi tun saura mako, ba ruwansu da firiza. Dambun nama in an soya shi ya bushe sosai, makonni yake yi a mazubi mai murfi. Hanta da kayan ciki kuwa ranar yanka ake gamawa da su, kada wadda ta ce za ta ajiye sai gobe.

Maman Sadiq: Na janye maganar miya sukutum, amma ina nan kan gindin miya da kaji. A sulala kajin da albasa, citta da gishiri, a raba naman da romon, kowanne leda daban, a rubuta kwanan wata a jiki.

Yaya Rabi: Kuma ranar Idi kada a shanya ledar gindin miyar a rana, kada a bar ta ta kwana a kwano. A yage ta a jefa ƙanƙarar a tukunya da ruwa kofi ɗaya, wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa don kada gindi ya kama, har ta tafaso ko'ina. Kajin a saka ledarsu a ruwan sanyi ana canza ruwan duk rabin awa, a tsane su sosai kafin su shiga mai.

Goggo Hajiya: Ku dai ajiye kauɗa da busasshen tattasai a gefe. Wa ke da injin da zai niƙa mana gyaɗar taushe kafin Laraba?