Zagin launin fata a Mastodon: in tattara in bari ko in canja saba (server)?

Abba_Jekadafari:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu amfani da dandalin sada zumunta na Mastodon a nan ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai. Ni tun ƙarshen 2022 na buɗe akawun a can, lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter kowa yana ta gudu, kuma gaskiya na ji daɗin wajen, ba talla, ga masu zane irina da nake koyon abubuwa wajensu. To satin da ya wuce na sa hotona na hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe, ni da ƙanina da rawunanmu, na ɗan yi bayani da turanci, wani mai mabiya da yawa ya yaɗa shi, wallahi kafin asuba na tashi na tarar da hotunan birai, da kalmar nan da ake zagin baƙar fata da ita a Amurka, wani har cewa ya yi mu koma kan bishiya. Na kai ƙara wajen admin ɗin sabarmu, wato reshen Mastodon ɗin da akawun ɗina yake, yau kwana biyar shiru. Abin da ya fi ƙona min rai ma ba zagin ba ne, da na rubuta abin da ya faru sai turawa suka yi ta cewa su fa ba su taɓa ganin wariya a nan ba, wata kuma ta ce in rufe rubutun da gargaɗi don kar ya tayar wa mutane hankali. Wai ni aka zaga ni kuma zan rufe. In bar wajen ne ko yaya?

Injiniya_Bashir_Yelwa:
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya huci zuciyarka. Daga Bauchi nake, kuma na ɗan jima a harkar nan. Masu cewa ba su gani ba wasunsu ba ƙarya suke ba, ginin abin ne haka. Mastodon ba gida ɗaya ba ne kamar Facebook, wani Bajamushe Eugen Rochko ne ya rubuta manhajar a 2016 ya sake ta kyauta, kowa zai iya ɗauka ya kafa sabarsa, sai sabobin su riƙa magana da juna ta hanyar da ake kira ActivityPub. Ka ɗauke shi kamar unguwanni, kowace da mai unguwarta da dokarta. To in sabar baturen nan ta riga ta toshe sabar da 'yan iskan suke, shi ba zai ga komai a ƙarƙashin hotonka ba sai masu yabo, kai kuwa da admin ɗinka bai toshe ba duk a kanka zai sauka. Akwai ma wata muguntar da suke yi, su saita amsar ta zama mabiyansu kaɗai ke gani, to kai da aka ambata za ka gani, abokan iskancinsu za su gani su zo su taya, sauran duniya ba wanda ya sani.

Kuma ba sabon abu ba ne, a 2019 Gab, dandalin masu ƙin baƙi da Yahudawa, ya koma kan manhajar Mastodon, sabobi da yawa suka toshe shi. Ba wanda zai hana su ɗaukar manhajar, katanga kawai ake yi musu, kuma katangar admin ne ke gina ta. Naka da alama ko barci yake ko abin ya fi ƙarfinsa, yawancinsu 'yan sa kai ne ba albashi. Ka ɗauki sikirinshot tukuna, ka toshe sabar tasu gaba ɗaya ba mutum ɗaya ɗaya ba, akwai wajen yin haka. Sannan ka yi ƙaura. Mabiyanka za su bi ka sabon akawun, tsofaffin rubuce-rubucenka ne ba za su bi ka ba.

Maman_Hanan_Tumfure:
Abba sannu, wallahi na ji zafin abin nan kamar ɗana aka yi wa. Maganar rufe rubutu da gargaɗin nan ita ce ta kori baƙaƙen Amurka da yawa da suka shigo a 2022, mutum ya zo yana faɗin abin da ake masa a rayuwa a ce masa ya sa mayafi a kai saboda wani yana shan shayi kar ransa ya ɓaci. Kar ka rufe komai. Wanda bai son gani ya wuce.

Ni na koma Bluesky, wani dandalin mai kama da Twitter, amma kar in yaudare ka can ma ba aljanna ba ce, a Yulin 2023 an yi babbar rigima da aka gano an bar mutane suna yin rajista da waccan kalmar zagin a cikin sunansu. Abin da ya riƙe ni shi ne Blacksky, wajen haɗuwar baƙar fata da ke haɗe da Bluesky, wanda Rudy Fraser ya gina, baƙaƙe ne ke tace shi da kansu, in ka kai ƙara wanda ya san ciwon ne zai karanta ba sai ka tsaya kana fassara masa me ya sa hoton biri zagi ne ba. Kuma mu nan ba mu saba ba ne shi ya sa yake dukanmu haka, ka tashi a Jekadafari kowa kalarka, ba ka taɓa tunanin fatarka ba sai rana ɗaya a waya. Duk da dai mu ma in za mu faɗi gaskiya, 'yan matanmu nawa ke shafa man bilicin saboda an ce musu fara ake aure?

Sale_Pantami:
Ni kam Malam Abba ban ga abin da ka rasa ba da za ka je ka zauna cikin mutanen da ba sa son ka. Jama'armu suna Facebook da TikTok da WhatsApp, can in an zage ka akwai wanda zai rama maka.

Injiniya_Bashir_Yelwa:
Malam Sale ka tuna Yunin 2021 da gwamnati ta rufe Twitter har Janairun 2022, wata bakwai muna fama da VPN? Aka ce a koma Koo na Indiya, shi ma ya rufe a 2024. Dandalin da kamfani ɗaya ke riƙe da shi rana ɗaya ake kashe shi. Ni abin da nake so ma mu kafa tamu sabar ta Hausa, admin ɗinmu dokarmu, amma aiki ne, kuɗin haya duk wata da mutum biyu ko uku da za su riƙa duba ƙararraki ko da tsakar dare.

Abba_Jekadafari:
Na gode ƙwarai. Anti Maman Hanan ban rufe ba kuma ba zan rufe ba. Na toshe sabobi huɗu yanzu kuma wayar ta yi shiru. Yaya Bashir don Allah turo min sunan sabar da kake ta inbox in duba dokokinsu kafin in ƙaura, kuma in da gaske kake maganar tamu, ka sa ni a masu duba ƙara, dama ba na barci da wuri.