Neman shawara: 'yata tana son yin aji huɗu a Ayilan, mahaifinta yana ganin asarar shekara ce

Maman Hafsat, Dublin:

Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku kan wani al'amari da ya hana mu sakat a gida makonni biyu ke nan. 'Yata ta fari tana aji uku na sakandare, shekarunta 15, kuma a watan Yuni za ta rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Makarantarsu ta aiko da takarda cewa duk mai son yin aji huɗu, wanda suke kira Transition Year, ya cike fom ya mayar kafin ƙarshen wannan wata, wanda ba ya so kuma zai tsallaka zuwa aji biyar ya fara shekaru biyun da ke kai yaro ga jarrabawar kammala sakandare, wato Leaving Certificate.

Abin da na fahimta a taron iyaye shi ne babu jarrabawar gwamnati a wannan shekara. Yara za su riƙa zuwa wuraren aiki don koyo, su yi aikin sa kai, su kafa ɗan ƙaramin kamfani, su ɗanɗana darussan da ba su taɓa yi ba. An nemi mu biya yuro 480, ban da kuɗin tafiyar da makaranta za ta kai su Italiya. Mahaifinta ya ce mu da muka yi karatu a Kano daga JSS3 sai SS1 muka wuce, kuma yarinyar da ke burin zama likita ba ta da shekarar da za ta zubar. Ita kuwa har kuka ta yi, domin ƙawayenta duka sun mayar da nasu fom ɗin. Namu yana nan manne a jikin firij, kowa ya zo ɗaukar ruwa sai ya kalle shi ya kau da kai. Don Allah waɗanda 'ya'yansu suka bi ta wannan hanya su faɗa mini gaskiya.

Baban Mubarak, Limerick:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba zan ɓoye miki ba, ni da na sani na yi. Ɗana ya yi wannan aji, kuma makarantarsu ta ware ranar Laraba don zuwa wurin aiki, amma ta bar wa yara su nemo wurin da kansu. Mu baƙi ne, ba mu da kawu mai ofishin lauya ko gwaggo mai kanti, saboda haka har watan Nuwamba yaron yana kwance a falo kowace Laraba yana danna waya. Da ya shiga aji biyar sai muka tarar hannunsa ya yi sanyi a lissafi, ya manta yadda ake zama awa biyu a gaban littafi, dole na riƙa biyan malamin darasi duk mako. Ga mai neman likitanci wannan babban abu ne, domin mafi yawan makin da ake samu a Leaving Certificate shi ne 625, kuma 25 daga ciki ƙari ne da ake bai wa wanda ya ci lissafi a babban mataki. Ban ce ki hana ta ba. Amma kada ki sa hannu sai kin ga jadawalin shekarar a rubuce, kin san sau nawa za a yi lissafi da kimiyya a mako, kin kuma san malamin da aka ɗora wa alhakin shirin.

Anti Rabi, ma'aikaciyar jinya, Galway:

Ƙanwata, maganar Baban Mubarak gaskiya ce, sai dai laifin na tsarin wannan makaranta ne, domin kowace makaranta ita take tsara nata aji huɗu, shi ya sa za ki ji wani yana yabo wani yana kuka. Shirin ba sabo ba ne. An fara gwada shi a 1974 lokacin da Richard Burke yake ministan ilimi, aka faɗaɗa shi ga makarantun ƙasar a 1994, kuma a yau yawancin yara suna yin sa, har wasu makarantun sun mayar da shi tilas. Binciken da cibiyar nazarin tattalin arziki da zamantakewa ta ESRI ta fitar a 2004 ya nuna waɗanda suka yi shi sun fi samun maki a jarrabawar ƙarshe, ko da yake ni ina ganin yawanci yaran da dama suke son makaranta su ne suke zaɓarsa.

Abin da na fi so ki duba shi ne shekarunta. Idan ta tsallake, za ta shiga jami'a tana 17 ko kusa da haka, wataƙila a wani gari, ita kaɗai. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa sun zo asibiti koyon aiki, amma idan tsohuwa ta riƙe hannunsu tana kuka sai su daskare, ba su san abin da za su ce ba. Likitanci a nan ba maki kaɗai ake dubawa ba, akwai jarrabawar HPAT wadda wani sashenta yake auna yadda mutum yake fahimtar halin jama'a. Kwalejin likitoci ta RCSI da ke Dublin ma tana da shiri na musamman ga 'yan aji huɗu mai suna MiniMed, ki sa ta tambayi malamin shawara na makarantarsu yadda ake nema.

Batun wurin aiki kuwa, tun yanzu za ku fara nema, kada ku jira Satumba. Asibitoci guraben da suke bayarwa kaɗan ne kuma da wuri suke cika. Ku gwada kantin magani na unguwa, da likitan haƙori, da gidan kula da tsofaffi. Ki lura cewa inda ake hulɗa da yara ƙanana ko tsofaffi marasa ƙarfi sukan nemi tantancewar 'yan sanda, wadda ba a yi wa yaro sai ya cika 16 kuma da izinin iyaye, don haka irin wannan wuri a ajiye shi sai bayan ta cika shekarun.

Zainab, ɗalibar jami'a, Cork:

Mama, ina wuni. Ni na yi aji huɗu, kuma zan faɗa miki abin da na gani da idona. Na yi mako guda a wani kantin magani, aikina shi ne jera kaya a kanta da duba ranar lalacewarsu. A rana ta uku wani dattijo ya shigo da jakar leda cike da kwalayen magani, ya ce ya rikice bai san wanne ne na safe wanne ne na dare ba. Mai kantin ta bar abin da take yi, ta zaunar da shi, ta zazzage kwalayen a kan tebur, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami har ya gane. Ina tsaye riƙe da kwalin man goge baki ina kallo, kuma a nan na san harhaɗa magunguna nake so, alhali tun ina firamare nake cewa likita zan zama don haka aka saba ji a gidanmu.

Ranakun Asabar kuma na yi aikin sa kai a kantin Vincent's na ƙungiyar St Vincent de Paul, ina ware tufafin da aka kawo sadaka ina manna musu farashi, kuma da wannan na cika sashen hidimar al'umma na lambar Gaisce, wadda ake bayarwa da sunan shugaban ƙasa. Matakin tagulla yana buƙatar awa ɗaya a mako na tsawon makonni 13 a kowane fanni uku, da ƙarin makonni 13 a ɗaya daga ciki, sannan tafiyar kwana biyu da ake kwana ɗaya a waje. Na ambaci kwanan ne don na san shi zai dami Baba, maigidanki. Mu mata ɗakinmu daban ne tare da malama mace, kuma mahaifina sai da ya yi magana da ita kafin ya yarda. Babu wanda ya taɓa yi mini maganar hijabina a wurin aiki, salla kuma na roƙi minti goma a ɗakin ajiya aka ba ni. Tafiya ƙasar waje ba dole ba ce, ni ban je ba. Abu ɗaya da na yi wanda ya cece ni shi ne ban ajiye littafin lissafi ba, ina yin rabin awa kullum bayan magariba.

Malam Sani, Dundalk:

Hajiya, kada ki mayar da abin gardama tsakaninki da maigida, domin tsoronsa na uba ne da ya baro ƙasarsa saboda karatun 'ya'yansa. Ki tuna masa cewa mu ma a gida an saba tura yaro shagon tela ko wurin kafinta bayan an taso makaranta, kuma ba a taɓa kiran wannan ɓata lokaci ba. Ki nemi ganawa da malamin da ke kula da shirin, ku tafi tare, shi ya yi tambayoyin da bakinsa.

Maman Hafsat, Dublin:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana zuri'a. Jiya Alhamis mun je makarantar tare da mahaifinta kamar yadda Malam ya ce. Malamar ta ba mu jadawalin a rubuce: lissafi sau huɗu a mako, kimiyya kuma za su zagaya sassanta uku kafin su zaɓi na aji biyar, zuwa wurin aiki mako guda a Nuwamba da mako guda a Fabrairu. Ya karanta saƙon Zainab sau biyu a mota, da muka iso gida ya cire fom ɗin daga jikin firij ya sa hannu, da sharaɗin za ta riƙa nuna masa aikin lissafinta duk Lahadi. Maganar Italiya ya ce a bar ta tukuna. Yanzu abin da ya rage shi ne wurin aikin Nuwamba, don haka idan akwai wanda ya san kantin magani ko likitan haƙori a wajen unguwar Blanchardstown ta Dublin da yake karɓar 'yan aji huɗu, don Allah ya yi mini magana ta gefe.