Wa ya rubuta wasiƙun Timoti?

Ɗan Zonkwa: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki na ce cikin wasiƙu 13 masu ɗauke da sunan Manzo Bulus, 7 ne masana suka haɗu a kan cewa nasa ne: Romawa, Korintiyawa ta ɗaya da ta biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta ɗaya, da Filimon. Sauran 6 ana gardama a kansu, musamman wasiƙun Timoti guda biyu da ta Titus, har wasu na cewa jabu ne. Ban rufe baki ba wani dattijo ya ce in zauna, wai karatu ya lalata ni. A gaban ƙannena! Shekara huɗu ina makarantar tauhidi, yanzu ba ni da bakin magana?

Mama Ladi: Jabu? Ɗana, maganar Allah ce jabu? Kuɗi ake cewa jabu, magani ake cewa jabu. Ka janye wannan kalma tukuna.

Ɗan Zonkwa: Mama, cewa na yi wasu na cewa. Ba ni na ce ba.

Mama Ladi: Amma daga bakinka ta fito.

Malam Ayuba: Kalmar ta yi nauyi, gaskiya. Jabu abu ne da aka yi don a cuci mutum. Masanan da yake nufi, da yawansu cewa suke yi almajirin Bulus ne ya rubuta bayan rasuwarsa, da sunan malaminsa, don koyarwarsa ta ci gaba. Wannan daban.

Bitrus: Ina bambancin, Malam? In na rubuta takarda na sa sunanka ba da saninka ba, me za ka kira ta? Shi kansa Bulus a 2 Tasalonikawa 2:2 ya gargaɗi mutane kan wasiƙun da ake cewa daga gare shi suke. Ko dai shi ya rubuta, ko jabu ne, babu ta uku. Ni na ce shi ya rubuta.

Ɗan Zonkwa: 2 Tasalonikawan ma tana cikin 6 ɗin. Ku duba hujja mana. A 1921 wani masani, Harrison, ya ƙirga kalmomin Helenanci na Timoti da Titus, ya samu sama da 300 da babu su a sauran wasiƙu 10. Markiyon, wani malami na dā da ya tattara wasiƙun Bulus wajen shekara ta 144, wasiƙu 10 ne a hannunsa, babu waɗannan uku.

Bitrus: Markiyon da ikilisiya ta kora? Shi ne shaidarka? Kuma Bulus yana da magatakarda. Karanta Romawa 16:22, Tartiyas ya faɗa da kansa shi ya rubuta wasiƙar. Aka sauya magatakarda, dole kalmomi su sauya. Ni ma yadda nake rubuta wa babana daban, yadda nake rubuta wa kwamitin coci daban.

Baba Yohanna: Duk wannan aikin Turawan Jamus ne. Cocinsu ya watse, yanzu suna so namu ya watse.

Malam Ayuba: Baba, a yi haƙuri, ba daga Turai tambaya ta fara ba. Orijen, malamin ikilisiya, mutumin Iskandariya ne a Masar, ƙarni na 3, shi ya ce wanda ya rubuta wasiƙar Ibraniyawa Allah ne kaɗai ya sani. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 ma, ai da hannun Likita Mila na Zariya a ciki, shi ma Bature ne.

Baba Yohanna: Kar ka haɗa Likita Mila da waɗannan. Kai ɗan wace ɗarika ne ma?

Malam Ayuba: Me ya kawo ɗarika nan, Baba?

Rifkatu: Ni dai na lura ba a tuna 1 Timoti sai za a ce mace ta yi shiru. Romawa 16 fa, inda Bulus ya yabi Fibi mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, ya gai da Bilkisu abokiyar aikinsa? Wannan ba a wa'azi a kai.

Bitrus: To, ga inda aka dosa. Ku ce Timoti jabu ne don ku hau bagade.

Rifkatu: Ɗan'uwa, nuna mini inda na ce jabu. Wa ke share cocin? Wa ya tara kuɗin kwanon rufi? Zumuntar mata.

Mama Ladi: 'Yata, kar ki sa zumunta cikin wannan, ba mu aike ki ba. Har yanzu yaron nan bai janye ba.

Ɗan Zonkwa: Ba wanda ya ce komai a kan wulaƙancin da aka yi mini. Shi ne abin da na kawo.

Baba Yohanna: Da babba ya ce ka zauna shi ne wulaƙanci? Mu a zamaninmu ko ido ba ma ɗagawa.

Shugaban zaure: Na rufe wannan magana, dare ya yi. Abin da ya fito fili: ɗan'uwa Bitrus ya nuna daga Nassi cewa Bulus yana amfani da magatakarda, kuma ba wanda ya iya ba shi amsa, saboda haka wasiƙun 13 duka nasa ne. Hujjar ɗaya ɓangaren ƙirgen kalmomi ce da maganar mutumin da aka kora. Ɗan Zonkwa, ka janye kalmar jabu, ka je ka ba dattijon haƙuri kafin Lahadi. Batun mata kuma ba a nan za a yi shi ba.